Hoton Bijimin Buba

Kusan kowane mako sai wani matashi ya shigo shagona na bakin tasha, ya ciro waya, ya nuna mini hotunan da ya ɗauka, ya ce in haɗa shi da mutanen Kaduna masu karɓar hoton labarai. Hotunan ba laifi. Wasu ma sun fi nawa haske, don wayoyin yanzu ba su bar wa ido wani aiki ba. Abin da nake rasa yadda zan faɗa musu a tsaye, ga mai jiran fasfo zaune a benci, shi ne danna maɓalli ba shi ne sana'ar ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta. Ban ce na fi kowa sani ba. Iyakar abin da na gani zan faɗa, inda ban tabbata ba kuma zan ce ban tabbata ba. Sunayen mutanen ƙauye duk na sauya su, ko da yake na daɗe da sanin cewa sauya suna ba wata katanga ba ce.

Hoton farko da na ɗauka a kan aiki na wata tsohuwa ne mai shirin tafiya Makka. Lokacin na dawo daga Zariya da digiri a aikin jarida, na shekara biyu ina aika takardun neman aiki ba amsa, sai mahaifina ya kama hannuna ya kai ni wurin Malam Shu'aibu mai hoto, ya ce, "Ga shi nan, ya yi boko ya gaji, a koya masa abin yi." Malam Shu'aibu bai taɓa zama a aji ba, amma tun zamanin da ake kai fim Kaduna a wanko yake aikin. Ya miƙo mini kyamara, tsohuwa ta zauna a gaban farin ƙyalle, na daidaita fuska, na danna. Ya karɓa ya duba, ya daɗe yana dubawa.

"Ɗan boko, wannan ƙusar a kan Hajiya aka kafa ta?"

Ƙusar da ta riƙe ƙyallen ce ta fito daidai tsakiyar kanta. Tsohuwa ta yi ta dariya, ta ce in dai za ta kai ta Makka a bar mata ƙusarta. Shi ko Malam ya ce, "Mutum ba ya ɓata hoto, abin da ke bayansa ke ɓatawa. Ka duba kusurwa huɗu kafin ka duba fuska." Shekara uku na yi a ƙarƙashinsa, ban ji ya yi wata lacca da ta wuce wannan ba.

Sauran duk da hannu na koya. Ba a sauya gilashin kyamara a masussuka, ko a bakin titi lokacin da tirela ke wucewa. Ba a goge shi da bakin riga, sai da tsohuwar singileti mai laushi da aka wanke ba sabulu. Batir biyu kake fita da su, ɗaya a cikin kyamara, ɗaya a aljihun gaba, kada ka bar shi a jakar da rana ke duka. Masu zuwa kuma kowa da abin da yake so ya zama. Ango zai ari agogon shago da hular shago. Yaron mota zai ce a ɗauke shi ya jingina da motar da ba tasa ba. Mata za su ce a ƙara musu haske, in ka ƙara kuma uwar miji ta ce ba ta gane amarya ba. Na ɗauki suna, na ɗauki saukar Alƙur'ani, na ɗauki 'yan siyasa suna raba atamfa. A wancan lokacin mafi munin abin da hoto zai jawo maka shi ne a ce ka fito da mutum baƙi.

Aikin ya fara sauya kama ne ba tare da mun lura ba. Mutane suka riƙa zuwa da tsofaffin hotunan fasfo, a ce a ƙara girmansu a sa a gilashi. In ka tambaya, sai a ce mai hoton an tare shi a hanya, ko an same shi a gona. Wata safiya aka ce an ƙona wani ƙauye ta wajen Damari, na bi motar masu kai ɗauki na je. Na ɗauki rumbuna suna hayaƙi, na ɗauki gawarwaki a jere a ƙofar masallaci, an rufe su da tabarmi, ƙafafu a waje. Wata jarida ta buga, aka sa sunana a ƙasa da ƙananan baƙaƙe, na sayi kwafi uku. Bayan 'yan watanni sai ga hoton nan ya dawo mini a waya, an ce a wata jiha ce can daban, an ɗora wa wasu mutane daban, an rubuta a ƙasansa cewa a tashi a rama. Tabarmin nan na san mai su. Ban san wa zan kai wa ƙara ba.

Don haka da wata ƙungiya a Kaduna ta kira mu horo kan yadda ake ɗaukar hoton rikici ba tare da an ƙara wa wuta mai ba, da gudu na je. Kwana uku a otal, ga shayi ga sanyin na'ura. Suka koya mana dokoki: kada gawa, kada jini, kada fuskar wanda hoton zai iya jefawa cikin hatsari, kada dutse ko bishiya ko masallacin da za a gane wurin da shi, a nemi izini a rubuce, a goge bayanin wuri da kyamara ke ɓoyewa a cikin hoto. Sannan a nemi masu gyara, kada kullum a bi masu ɓarna. Ban ga laifin dokokin nan ba, har yau kuma ban gani ba. Na kwafe su a kati na sa a aljihun jaka. Editarmu a ƙungiyar, wadda muka riƙa aika wa hotuna bayan horon, Hajiya Binta, mace ce mai ƙoƙari, ba ta taɓa riƙe mini haƙƙi ba. Kullum maganarta ɗaya ce: "Malam Kabiru, mun gaji da toka. Ka samo mana hoton da zai sa mutum ya ce ashe ana iya zama tare."

Wannan shi ne hoto mafi wuyar samu, kuma abin da matasa ba su sani ba ke nan. Wuta ita ke kiran kyamara da kanta. Zaman lafiya ba ya tsayawa a ɗauke shi. Na halarci zaman sulhu ban san iyaka ba, a ƙarƙashin rumfa, da kujerun roba da ruwan leda. A ƙarshe wani babba zai ce, "Mai hoto, ka shirya?" sai mutum biyu su yi musafaha suna kallona, ba sa kallon juna. In hoton ya motsa a ce su sake. Na taɓa sa mutum biyu sun gaisa sau huɗu, da aka tashi kowa ya bi hanyarsa da masu rakiyarsa, ko sallama babu. Hajiya takan duba irin waɗannan ta ce, "Wannan ai hoton kalanda ne." Gaskiyarta.

Malam Tanimu a kasuwa na haɗu da shi, farkon damina, wurin maƙera, yana jiran a gyara masa bakin garma. Manomi ne daga wani ƙauye a yankin Kakangi, kakansa Babarbare, shi kuma a nan aka haife shi. Muna hira na ce ina ya samu shanun huɗa a wannan zamani da aka kore na kowa. Ya ce ɗaya nasa ne, ɗayan na Buba ne, wani Bafulatani da rugarsu ke bayan gonarsa tun zamanin iyayensu. Tsohuwar al'ada ce a tsakaninsu: Buba ya ba shi ɗan bijimi ya horar ya yi huɗa da shi, shi kuma in an yi girbi ya bar wa garken Buba kara su ci su zuba taki, ya ɗora masa da damin dawa. Da hira ta yi nisa ya rage murya ya faɗa mini sauran. In Buba ya ga motsin mutanen daji, sai ya aiko matarsa da nono a ranar da ba ranar kawo nono ba, gidan Tanimu su gane su kwana a wani wuri. Ranar da 'yan sa-kai suka bi rugage kuwa, matar Buba da 'ya'yansa a ɗakin matar Tanimu suka yini, an ɗaura musu zannuwan gidan.

Na ce a raina ga abin da Hajiya ke nema. Sai da na yi mako biyu ina auna abin kafin in je, na kuma yi wa Tanimu bayani sau biyu cewa ba suna, ba fuska, ba sunan gari. Ya ce in dai haka ne ba komai, wataƙila wani ya ji ya yi koyi.

Na isa gonar da hantsi a bayan mashin. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, ƙasa ta yi laushi, Tanimu na riƙe da garma, shanu biyu na ja. Ba a jima ba Buba ya ɓullo daga cikin sabara da sanda a kafaɗa, dogo siriri, bai wuce shekara arba'in ba. Tun daga nesa ya ɗaga murya.

"Kai bawana! Haka ake riƙe garma? Kunyar nan ta karkace kamar tsagar kakanka."

"Ji ɗan Fulani," in ji Tanimu, bai ko waiwayo ba. "Wanda bai taɓa shuka ko gyaɗa ɗaya ba shi ke gyara mini kunya. Zo ka gaida ubangijinka, ga baƙo ya zo ya ga yadda nake ciyar da kai."

"Da bijimin wa kake ciyar da ni?"

"Da san da na koya wa hankali. Da a hannunka yake, da yanzu yana can yana cin gonar mutane."

Na ciro takardar izini na karanta musu da Hausa, layi bayan layi. Tanimu ya dangwala yatsa. Buba ya ja da baya, ya ce shi ba ya taɓa takarda, fuskarsa kuma ba za ta shiga akwatin nan ba. Na ce hakan ma ya fi, dama doka ta hana. Sai ya tambaye ni, "Wa zai gani?" Na ce mutanen ofis, a Kaduna da Abuja, da Turawan da ke taimaka musu. Abin da na ɗauka ke nan a lokacin, ko kuma abin da na ga ya fi sauƙin faɗa. Na san ana sa hotunanmu a intanet. Ban dai kawo a raina cewa wani a nan zai je ya nema ba.

Aikin ranar, in don ƙa'ida ne, ban taɓa yin mai tsabta kamarsa ba. Akwai wani dutse mai kai biyu a gabashin gonar, na juya masa baya. Akwai tsamiya babba a gefe, na durƙusa har ta fita daga kusurwa. Na sa Tanimu ya cire hularsa ta kullum ya ɗora malfa, na tsaya a bayansa ta yadda ko kunnensa ba a gani. Kusurwa huɗu na duba, na sake dubawa: ƙasa, sama, kunya, gajimare. Amma hoton ya mutu, bayan mutum ne da bayan shanu kawai. Sai na ce da Buba ko zai iya sa san nasa ya waiwayo. Ya yi dariya, ya koma bayana, ya yi wani ɗan sauti da harshe. Nan take bijimin ya tsaya ya juyo da kai gaba ɗaya, ya kalli inda muryar take, wato ya kalli cikin kyamara. Fari ne mai ɗigon baƙi a wuya, ƙahon hagu ya ɗan sunkuya, kunnen dama da tsaga biyu. Hasken hantsi ya sauka a idonsa. Na danna.

"Ka ɗauke shi da kyau," in ji Buba. "Ya fi Babarbaren nan kyan gani."

Akwai doka ɗaya da ba ta cikin katina, ita ce ka nuna wa mutum hoton kafin ka tafi. Ban nuna musu ba. Hadari ya taso, mai mashin yana ta cewa mu bar wurin kafin azahar. Ko da na nuna, ban san ko Buba zai ce wani abu ba, tunda na riga na gaya masa a Abuja za a gani. Da na dawo gida na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. A guda ɗaya Buba ya shigo ta gefe yana dariya, fuskarsa tar. Na goge shi nan take, na kuma goge shi daga kwandon shara na kwamfuta, kamar yadda aka koya mana.

Hajiya ta kira ni da kanta ta ce wannan shi ne. Aka rubuta labarin, aka sa musu wasu sunaye, aka ce "wani ƙauye a Birnin Gwari", aka ambaci nonon da ake kawowa a ranar da ba tasa ba, da matar da aka ɓoye. Na karanta kafin a buga, na ce ban ga matsala ba. Ya fita wajen wata biyu bayan huɗa, dawa ta fara ɗaukar ciki. Mutanen garinmu da ke Kaduna suka yi ta tura wa 'yan uwa, suna cewa ga abin kirki daga gida, yau ba gawa ba. Bayan 'yan kwanaki aka rufe layukan waya a yankinmu gaba ɗaya saboda matsalar tsaro.

Shekarar nan ita ce mafi muni a sana'ata. An rufe kasuwannin mako, an hana mashin, ba biki ba suna, hanyar Kaduna sai da rakiyar jami'an tsaro, in an samu. Shago ya koma wurin zama. Don in ɗebe kewa na wanke hoton bijimin babba na manna a bango, sama da benci. Wata ranar Talata Alhaji Ɗanlami, dillalin shanu, ya shigo yin fasfo. Yana gyara hula a madubi sai ya tsaya.

"A'a! Wannan ai san Buba ne. Ashe Tanimu ke huɗa da shi bana?"

Na ce wane Buba.

"Buba dai na bayan rafi, ɗan marigayi Jauro. Ga tsagar gidansu nan a kunne, biyu a dama. Ga ƙahon uwarsa, ita ma haka nata ya sunkuya, ni na sayar da ita. Malam, ka iya hoto, kamar ya yi magana."

Na ce, "Alhaji, kowa zai iya gane shi haka?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ana gane rana. "Kowa fa? Ɗan boko dai ba zai gane ba. Amma wanda ya tashi cikin shanu, ko a duhu ya shafa kunnen nan ya san gidan. Ai mutum ya fi sa wuyar ganewa, mutum yana sauya riga."

Mutanen da ke cikin dajin nan, akasarinsu cikin shanu suka tashi. 'Yan sa-kai kuma rabinsu shanunsu aka kore, kullum idonsu na kan kunnen kowane sa. Rufe layi bai hana hoto tafiya ba. Yana cikin wayoyi tun kafin a rufe, kuma a wurin masu cajin waya ana tura shi daga wannan zuwa waccan tare da waƙoƙi da wa'azi, har da muryar wani da ya karanta labarin da Hausa.

Na ɗauki fasfon Alhaji, na cire hoton daga bango. Abin da na yi bayan nan shi ne kuskure na biyu, kuma ina ganin ya fi na farko. Kamata ya yi in nemi hanyar ƙauyen a ranar, ko da ƙafa, ko in aika wani. Sai na zauna ina lissafi. In na je, mai kyamara ya sake bayyana a gidan Tanimu, ba na ƙara nuna shi ba? In na aika, ɗan aiken ba zai zama mutum na uku da ya sani ba? Wataƙila ma ba wanda ya lura sai Alhaji, dillali ne, idonsa daban. Kwana biyu na yi a haka. A na uku na yanke cewa abin da ya dace shi ne a bi ta ofis, a sauke hoton daga tushe. Na jira ayarin motoci na bi zuwa Kaduna.

Hajiya Binta ba ta yi gardama ba. Ina gama bayani ta sa aka sauke hoton da labarin, ko awa ɗaya ba a yi ba. Ta riƙe kai ta ce, "Mun duba fuska, mun duba wuri, wa zai ce a duba kunnen sa?" Amma ta ce masu tallafa musu sun riga sun sa shi a bangon rahotonsu na shekara, an buga an rarraba, wannan ba ta da iko a kai. Na ga kwafi a teburinta, takarda mai sheƙi. Sai da na ƙara mako guda kafin a samu rakiyar komawa.

Na tarar an riga an yi. Yadda aka ba ni labari, mutanen daji sun zo rugar da rana tsaka, tun ina Kaduna. Matar Buba ta ce ɗayansu ya ciro waya ya nuna masa wani abu, ya tambaye shi ko ya san wannan. Suka kore garken, suka tafi da shi. Bayan kwana biyu aka same shi a bakin rafi. Mutanen dajin suka biya gidan Tanimu suka kwance bijimin daga turke, ba su taɓa kowa ba, suka ce saura shi. Kwana uku bayan haka 'yan sa-kai suka kira Tanimu, su ma da waya a hannu, suka ce ashe shi ke ɓoye Fulani. Dattawan gari suka sa baki aka bar shi da rai, da sharaɗin ya tashi. Ya bar dawarsa a tsaye.

Ban ga wayar da aka nuna wa Buba ba. Ba zan iya rantsewa cewa hotona ne a ciki ba. Mutane sun ce dama ana zarginsa, wasu sun ce wata tsohuwar gaba ce. A ofis ma abin da aka rubuta ke nan, cewa babu tabbacin alaƙa tsakanin hoton da abin da ya faru. Ni ma na yi watanni ina maimaita wannan jimla ga duk wanda ya tambaye ni. Jimla ce mai kyau, ba ƙarya a cikinta.

Ban bar aikin ba, don ban iya wani ba. Abin da na sauya kaɗan ne. Ba na aika hoton ƙauye sai na nuna wa mutum uku: dillalin shanu, da tsohuwa mai sayar da ƙwarya da tabarma, da direban da ke bin hanyar. Ba na ce musu ya yi kyau ko bai yi ba, tambaya ɗaya nake yi: ina ne nan, kuma na wa ne? Tsohuwar ta taɓa gane gida daga ɗinkin da aka yi wa fasasshiyar ƙwarya. Direban ya taɓa gane gari daga launin ƙasar da aka yi yaɓe da ita. In ɗayansu ya gane, hoton ya mutu, kome kyansa. Cikin goma da ƙyar biyu ke tsira, kuma su ne marasa daɗin kallo. An sake kiran mu horo bara, na tashi na faɗi wannan, aka tafa, aka ce za a ƙara a cikin dokoki. Ban ga sabon katin ba tukuna. In kuma aka tambaye ka wa zai gani, amsar ita ce kowa, har da wanda kake tsoro. In mutum ya ji haka ya fasa, ka mayar da kyamararka jaka.

Tanimu ya dawo cikin gari, yana zaune a zauren wani ɗan uwansa, yana ɗaukar kaya a kasuwar hatsi. Na fi wata shida ina sauya hanya in na hango shi. Wata ranar Alhamis bayan la'asar sai ga shi a ƙofar shago, ya yi sallama, ya zauna a benci. Muka gaisa, na tambayi iyali, ya ce suna nan yadda Allah ya so. Na fara wata magana da na daɗe ina shiryawa, ya ɗaga hannu.

"Malam Kabiru, bar shi. Ni na dangwala, ba ka kama hannuna ba. Aike ne ya kawo ni."

Ya ce iyalan Buba sun yi kudu, can wajen dangin matarsa. Wani mai kai shanu ya zo da saƙo daga Inna, mahaifiyar Buba. Ba ta kama sunansa ba, ɗan fari ne, cewa ta yi a tambayi mai akwatin nan da ya zo gona ko ya kama wancan a ciki. Ƙaramin ɗan Buba ya fara magana, yana tambaya, ba abin da za a nuna masa. Buba bai taɓa yin ko katin zaɓe ba.

Na san amsar, amma na kunna kwamfuta, na buɗe hotunan ranar, muka bi su tare ɗaya bayan ɗaya. Bayan Tanimu, malfa, kunya, gajimare. Na ce masa akwai guda ɗaya da ya fito yana dariya, na goge shi tun a ranar.

"Don me?"

"Don kada a gane shi."

Tanimu ya matso kusa da allon. Can ya sa yatsa a kan fuskar bijimin, wurin tsagar kunnen.

"Bijimin nan, Buba yake kallo, ko? Yana bayanka."

Na ce e.

"To wanko mini wannan. Ka yanke ni, ka bar san kawai. Ita za ta gane."